Fodkas: Takin Juji, Leda da Jakin Kakan Auta

Malam: Jama'a salamu alaikum. Tun ranar Asabar wayata ba ta huta ba kan taron manoman unguwarmu.

Hajiya: Taron shirin damina, aka ƙare da musun taki.

Malam: Wani dattijo ne ya miƙe ya ce shi kam ya yi hannun riga da yuriya, juji zai koma. Aka yi masa caa. Ni na ce rabin maganarsa gaskiya ne. Yuriya kashi 46 cikin 100 nitirojin ce, masara za ta yi kore shar, amma ba ta gyara ƙasa. Gonakinmu jigawa ne, ruwa na sauka ya tsiyaye. Kashin dabbobi ne ke sa ƙasa ta riƙe laima. Kuma duk gonar da ka ga wuta-wuta ta mamaye dawa, ƙasar ce ta gaji.

Auta: Ɗaya rabin fa, Malam?

Malam: Jujin yanzu ai ba na da ba ne. A da jakuna ke shigowa birni da itace, su fita da taki cike da mangala...

Auta: Kakanmu yana da irin jakin nan! Kullum in ya iso Ƙofar Na'isa sai ya turje gaban mai ƙosai.

Hajiya: Jakin ke cin ƙosan ko kakan?

Auta: Wallahi har yau ana gardamar a gidanmu. Kakarmu ta ce bashin na tsoho ne, aka ɗora wa jaki.

Hajiya: Allah ya jiƙan maza. Jakin ma ya yi haƙuri.

Malam: Ku bari in ƙarasa mana. Yau ka zuba juji mota guda, in kana huɗa ledar fiya wata ce ke naɗe maka garma.

Hajiya: Ni akuyata ta ci. Ta yi ta ramewa, ga dusa ga harawa. Da aka yanka, mahauci ya zaro dunƙulen leda daga tumbinta kamar ƙwallo.

Malam: Shi ya sa na ce musu kowa ya yi takinsa a gida. Ka sa wake tsakanin gero, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ga irin wake mai saurin nuna na IITA, cibiyar binciken noma mai reshe a nan Kano. Harawar ka ba rago, kashin ragon ya koma gona. Kashin kaji kuma kada a zuba shi ɗanye, ƙona shuka yake, sai ya ruɓe tukuna.

Hajiya: Mun fa yi alkawarin maganar adana wake a buhu mai ruɓi uku.

Malam: Kash, ga ladan ya fara. Mako mai zuwa.

Auta: Zan tambayo nawa ne bashin ƙosan.