Gane Gine-ginen Birnin Kano a Tsoffin Hotuna

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, 'yan'uwana ɗalibai, abubuwa huɗu na zo da su.

Na farko, kada ku dogara da fuskar gida. Ginin ƙasa ne, tubali da azara. Damina na wucewa magina sun sake yaɓe, zanko ya karye an ɗora wani, an matsar da indararo. Gidan da aka ɗauka a hoto a 1910, bayan shekara ashirin ko mai shi sai ya tsaya ya ƙura ido.

Na biyu, to me za ka duba? Abin da ba ya motsi. Dala da Goron Dutse! Wallahi ina ƙaunar duwatsun nan biyu. Tun kafin Sarki Gijimasu ya fara ganuwa suna nan. Turawa sun shigo a 1903 sun same su, yau ma ga su. Duk hoton da aka miƙo mini, ba na kallon mutane, ba na kallon jakuna, bayan soraye nake fara leƙawa. In kana wajen Gidan Rumfa ka fuskance su, Goron Dutse na hagunka, Dala na damanka. Ku riƙe wannan: Goron Dutse hagu, Dala dama. Na baya, kuna ji?

Akwai wani hoto da ya hana ni barci kusan wata guda. Lungu ne, ga dabino biyu, ga wata mata da tulu a ka, can baya Dala ta leƙo. Na taka daga Kurmi har Madabo ina neman inda mai hoton ya tsaya, abu ya ƙi. Sai wani dattijo ya karɓa ya duba, ya ce, "Malam, mutanen nan duk da hagu suke gaisawa?" Ashe wajen wanke hoton aka juya shi! Na kara shi a madubi, nan take Dala ta koma mazauninta.

Na uku, inuwa... a'a, lokaci ya ja, bari in tsallake zuwa na huɗu, maganar shekarun hoto. In ka ga doguwar hasumiyar ƙasa ta tsohon Masallacin Juma'a, hoton ya girmi masallacin da muke salla a ciki yanzu. Layin dogo ya iso Kano a 1911, dalar gyaɗa kuwa bayansa ta zo. Jirgin sama ya fara sauka a nan a 1925, kuma a 1930 wani matuƙin jirgi ɗan Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya ɗauki birnin daga sama.

Na'am, Baba, ga abin magana.

Baba yana cewa kududdufin bayan gidansu an cike shi an yi gini, ta ina zai fara? Baba, Allah ya ƙara lafiya, ka bi lungu. Gida kan rushe a sake shi da siminti, amma kan iyakarsa ta da ake ɗora shi, saboda haka kwanar lungu na nan inda take. Ka ƙirga kwanonin daga masallacin unguwa. Kuma inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta, nan kududdufin yake. Hoton yana wurinka? Kawo shi nan gaba, a kunna mana fitila mu duba tare.