Motar Kunkuru: Yadda Aka Ƙera Volkswagen Beetle

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau kan Volkswagen Beetle za mu yi magana, motar nan mai ƙusumbi da iyayenmu suka sha hawa, wadda in ka buɗe gabanta neman inji ba abin da za ka tarar sai safaya taya da tankin mai, don injin yana can baya.

A 1934 gwamnatin Hitler ta ba injiniya Ferdinand Porsche kwangilar ƙera motar da talakan Jamus zai iya saya. Sharuɗɗan kuwa ba wasa: ta ɗauki manya biyu da yara uku, ta yi gudun kilomita 100 a awa, kuma kuɗinta kar ya kai Mark 1,000, kuɗin Jamus na lokacin, a ƙarshe aka tsayar da shi a 990. To wannan farashin shi ne ya tsara motar gaba ɗaya, duk wani abu da zai ƙara kuɗi ko ya riƙa lalacewa sai aka yi waje da shi.

Ku duba injin. Silinda huɗu ne a kwance, biyu nan biyu can, kuma ba lagireto, ba ruwa ko ɗigo, fanka ce kawai ke hura masa iska. Dalili? Yawancin masu ƙaramin ƙarfi a Jamus ba su da garejin ajiye mota, a waje za ta kwana, in hunturu ya shigo ruwan lagireto sai ya daskare ya fasa inji, to injin da ba ruwa me zai daskare a cikinsa? Wallahi wannan dabarar na burge ni, sai dai fa a kula da fambel, in ya tsinke fanka ta tsaya, kana ci gaba da tafiya injin zai buga. Sannan da yake nauyin injin na kan tayoyin baya masu ja, shi ya sa ba ta cika kafewa a yashi ko taɓo ba. Ƙusumbin nan kuma Erwin Komenda ne ya zana shi, lanƙwasasshen ƙarfe ya fi miƙaƙƙe ƙwari, iska ma ta fi zamewa a kansa. Kamfanin Tatra na Chekoslobakiya dai ya yi ƙorafin an kwaikwayi motocinsa, kuma bayan yaƙi Volkswagen ta biya shi diyya.

Wurin da ke ba ni takaici shi ne nan. A 1938 aka aza harsashin masana'antar a garin da yanzu ake kira Wolfsburg, aka ce wa ma'aikata su riƙa zuba Mark 5 duk mako ana manna musu kan sarki a kati, kamar adashi, mutum sama da dubu 300 suka shiga. Yaƙin duniya na biyu na ɓarkewa a 1939 aka juya masana'antar zuwa motocin soja, aka cika ta da mutanen da aka tilasta wa aikin bauta, masu zubin nan kuwa ba wanda aka miƙa wa makullin motarsa.

Bayan yaƙi wani hafsan sojan Ingila, Manjo Ivan Hirst, shi ya tada masana'antar da bama-bamai suka ragargaza, ya samo odar mota 20,000 daga sojojinsu. A 1948 Heinrich Nordhoff ya karɓi ragama, shi kuma ya ƙi canza siffar, gyara kawai yake ta yi a hankali, kamar gilashin baya mai rabi biyu da aka mayar guda ɗaya a 1953. Zuwa 1955 an ƙera miliyan ɗaya, a 1972 ta wuce Ford Model T a yawa, wato motar Amurka da ta riƙe kambun yawan ƙerawa kafin nan, a 1975 aka fara harhaɗa ta a Ojo ta Legas, ta ƙarshe kuma ta fito daga Puebla a Meziko a watan Yulin 2003, bayan an ƙera sama da miliyan 21.