Riƙon Yara a Ingila da Abin da Ya Rataya a Wuyanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban ƙungiya, ranka ya daɗe. Malamanmu, Allah gafarta muku. Iyayena maza da mata, yayyena da ƙannena, barkanmu da wannan haɗuwa, Allah ya saka wa waɗanda suka yi ɗawainiyar shirya ta. Na nemi a ba ni 'yan mintuna ne in yi magana a kan riƙon yara, domin aikin da nake yi ke nan a ƙarƙashin kansul ɗin unguwarmu, wato ƙaramar hukumarmu, kuma akwai abubuwan da na gani da idona waɗanda bai kamata in yi shiru a kansu ba.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san riƙo. Da wuya a zagaya wannan ɗakin ba a samu wadda gwaggonta ta riƙe ta ba, ko wanda aka kai shi wurin kaka da yaye ya zauna can har ya yi wayo. Mace ba ta samu haihuwa ba, 'yar'uwarta ta ɗauki ɗiya ta ba ta. Uba ya rasu, baffa ya kwashe yara ya haɗa da nasa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Halimatu Sa'adiyya ce ta shayar da shi, kakansa Abdul Muɗɗalib ya riƙe shi, bayansa baffansa Abu Ɗalib. To amma ku lura, mu da muka gaji wannan hali, da muka zo ƙasar nan sai muka koma gefe. Da an ce 'yan soshiyal, wato ma'aikatan hukuma masu kula da walwalar yara, sai gabanmu ya faɗi, mu rufe ƙofa, mu ja wa yara kunne kada su yi magana a makaranta. Ban ce tsoron ba shi da dalili ba. Amma yayin da muke rufe ƙofa, a Ingila kaɗai yara sama da 80,000 suna hannun hukuma, mafi yawansu a gidajen riƙo. A shekarar 2024, sama da 7,000 daga cikinsu yara ne da suka shigo neman mafaka su kaɗai, ba uwa ba uba, daga ƙasashe irin su Sudan da Afganistan da Eritiriya. Da yawansu Musulmi ne, da yawansu baƙaƙe ne kamar 'ya'yanmu, kuma gidajen da suka dace da su ba su wadata ba.

Dokar Yara ta 1989 ta ce idan kansul zai yanke shawara a kan yaron da ke hannunsa, wajibi ne ya duba addininsa da asalinsa da al'adarsa da harshensa. Dokar tana nan a rubuce. Sai dai ma'aikaciyar da aka kira da dare aka ce ta samo wa yarinya wurin kwana, gidan da ke da gado za ta kai ta. Idan babu sunan ko ɗaya daga cikinmu a takardarta, laifin wa?

Bari in faɗa muku yadda yaro yake isowa. Yana zuwa ne da kayansa a baƙar ledar shara, ko 'yar jaka ɗaya, ma'aikaciya na biye da shi da takardu. Ba ya kallon kowa. Na taɓa karɓar wata yarinya 'yar Afirka ta Yamma wadda ta zauna a wani gida na mutanen kirki, sun ciyar da ita, sun tufatar da ita, ba su rage ta da komai ba, amma gashinta ya cukurkuɗe ya dunƙule saboda ba wanda ya san yadda ake taje irinsa. Na zaunar da ita a tsakanin ƙafafuna, na shafa man kaɗanya, na riƙa warwarewa da yatsa kafin in sa mataji. Ban kai rabin kai ba ta fara kuka, ba don zafi ba. Ta ce haka mahaifiyarta take zaunar da ita. Wannan abu ne da kowace mace a ɗakin nan ta iya tun tana yarinya, ba a makaranta aka koya mana ba. Haka yaron da zai tashi sahur ya tarar ba shi kaɗai ba ne a farke, ko wanda za a kai shi coci ranar Lahadi a cikin mutane masu kama da shi, domin 'yan'uwanmu Kirista da ke cikin ƙungiyar nan maganar ta shafe su daidai da kowa.

Mutane suna tambayata, wai sai mai gidan kansa? A'a, ɗan haya ma yana yi. Sai mai aure? A'a, gwauro da bazawara duk ana karɓa. Abin da ake nema shi ne, a yawancin wurare, shekarunka su kai 21, kana da izinin zama a ƙasa wanda ya ba da dama, kana da ɗaki na daban da yaro zai kwana, kuma a bincika a ga ba ka da tarihin cutar da yara. Binciken yana ɗaukar watanni, ba na ɓoye muku. Ma'aikaciya za ta yi ta zuwa gidanki, ta zauna a falonki, ta tambaye ki yadda aka rene ki, wa ya taɓa dukanki, yaya kuke sasantawa da maigida idan kun saɓa. Bahaushe ba ya son a tona masa ciki, na sani, kuma a nan ne mafi yawanmu suke janyewa. Amma ku tuna amanar ɗan wani za a ba ku. Da ɗanki ne za a kai gidan baƙo, da kin so a yi tambayoyin da suka fi waɗannan.

Hukuma ba ta sakar maka yaro ta tafi. Akwai alawus na mako-mako na ci da sutura da sauran buƙatu, yana ƙaruwa da shekarun yaro, kuma na Landan ya fi na sauran wurare. A shekarar 2023 gwamnati ta ɗaga adadin kuɗin riƙo da ba a cire wa haraji daga fam 10,000 zuwa fam 18,140 a shekara, ban da wani rangwamen na kowane yaro. Ana ba ka horo kafin ka fara da bayan ka fara, kana da ma'aikacinka na kanka wanda ba na yaron ba ne. Makarantar yaron tana da kuɗi na musamman sama da fam 2,500 a shekara saboda karatunsa, kuma shi ake fara ba gurbi idan ana rabon makarantu. Tun dokar 2014, yaron da ya cika 18 zai iya ci gaba da zama a gidan riƙonsa har 21 da tallafin kansul. Wanda ya shiga ruɗani zai iya kiran Fosterline, layin ba masu riƙo shawara, kyauta, ko ya nemi ƙungiyar The Fostering Network. Kada kowa ya ji kunyar karɓar alawus ɗin nan, haƙƙin yaron ne, kuma ba ya rage ladan kowa.

Yanzu ga inda malamai suka fi samun tambaya. Mayar da yaro ɗanka ta hanyar kotu a ƙasar nan yana yanke alaƙarsa da iyayensa a idon doka, ya zama naka har abada. Mu kuma Alƙur'ani a Suratul Ahzab ya ce a kira su da sunan ubanninsu, kuma kowa ya san ƙissar Zaidu ɗan Harisa. Wannan ya sa mutanenmu da yawa suka ɗauka ƙofar gaba ɗaya a rufe take. Ba haka ba ne. Riƙo na kansul ba ya taɓa nasabar yaro ko sunansa. Sannan tun ƙarshen 2005 akwai wata hanya ta uku, umarnin kotu na wakilci na musamman, wanda ke ba ka ikon yanke shawara a kan yaro har ya kai 18, ba tare da an raba shi da sunan mahaifinsa ba. Lokacin da gwamnati take shirya wannan tsari ta ambaci al'ummomin da addininsu bai yarda da yanke nasaba ba a cikin dalilanta. Ko waɗanda suka bi hanyar kotu ta farko, akwai Musulmi a ƙasar nan da suka yi, suka bar wa yaro sunansa, suka gaya masa asalinsa, suka yi masa wasiyya cikin sulusin dukiya tun da ba ya cikin magada. Akwai kuma asusun gwamnati da ke biyan kuɗin likitan ƙwaƙwalwa da masu ba da shawara ga yaran da aka mayar 'ya'ya ta kotu da na wakilci na musamman, domin yaron da ya ga tashin hankali ba ya warkewa da abinci da sutura kawai. Maganar muharramaka da hijabi da shayarwa kuwa, Allah gafarta Malam, naku ne. Roƙona ku ware mana zama guda ku warware mana, don mata da yawa wannan ce kaɗai ta tsayar da su. Wanda kuma yake tunanin ɗauko yaro daga gida, ya sani tun Maris 2021 Birtaniya ta sa takunkumi na musamman a kan ɗauko yara daga Najeriya don a mayar da su 'ya'ya, kada wani ya karɓi kuɗinsa ya yi masa alƙawarin banza.

Akwai wani riƙon da muke yi a nan ba mu san doka tana kallonsa ba, kuma ina so ku buɗe kunne. Ƙawarki ta koma gida jinyar mahaifiyarta ta bar miki ɗanta. Ɗan amininka ya zo karatu yana zaune a gidanka. Idan yaron bai kai 16 ba, ko 18 in yana da naƙasa, kuma zai zauna kwana 28 ko fiye a wurin wanda ba danginsa na kusa ba, wajibi ne a sanar da kansul, rashin sanarwa laifi ne. Dangi na kusa a wurin doka su ne kaka, da wa ko ya ko ƙane ko ƙanwa, da baffa da kawu da gwaggo da inna na haƙiƙa, da mijin uwa ko matar uba. Ɗan baffa ba ya ciki. Ƙanwar kaka ba ta ciki. Aminiyar uwa, ko yaro yana ce mata Mama tun yana goye, ba ta ciki.

Kada ku ce sa ido ne. Victoria Climbié yarinya ce 'yar Kodebuwa. Iyayenta suka ba da ita ga wata 'yar'uwa a zuri'arsu don ta samu ilimi a Turai, kamar yadda kowannenmu zai iya yi. Aka bi da ita Faransa, aka kawo ta Landan a 1999. A watan Fabrairun 2000 ta rasu tana da shekara 8, likita ya ƙirga raunuka 128 a jikinta. Matar da saurayinta suka samu ɗaurin rai-da-rai. Rahoton binciken Lord Laming ya fito a 2003, ya nuna yadda asibitoci da 'yan sanda da ma'aikatan kansul suka yi ta ganin yarinyar ba wanda ya cece ta, daga nan aka yi Dokar Yara ta 2004 aka ƙara tsaurara sa ido. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko a gida mun san 'yar riƙon da ita ce mai wanke-wanke, ita ce mai talla, 'ya'yan gida suna makaranta. Idan ka sanar, ma'aikaci zai zo cikin kwanakin aiki bakwai ya ga yaron da inda yake kwana, sannan ya riƙa leƙowa duk mako shida a shekarar farko. Iyakar abin ke nan ga mai riƙon gaskiya.

Idan kuma Allah ya jarrabci wani gida a cikinmu aka ɗauke yara, kada mu bi shi da tsegumi. Sau da yawa duka ne sanadi, irin wanda aka yi mana muna yara muka ɗauka tarbiyya ce. A Sikotland da Wales an haramta dukan yaro kwata-kwata, a Ingila ma da ya bar shaida a jiki, ko aka sa bulala ko waya, magana ta zama babba, mai riƙo na kansul kuwa ko ɗan mari ba a yarda ya yi ba. Abin da ya kamata iyaye su sani shi ne, idan kansul ya kai magana kotu suna da lauya kyauta, kuma doka ta ce a fara duba dangi da makusanta kafin a kai yaro gidan baƙo. A wannan gaɓar ce ɓoye-ɓoye yake cutar da mu. Uwa tana jin kunya ba ta faɗa wa kowa ba, har a gama tantance masu riƙo ba a kawo sunan kowa nata ba. Family Rights Group suna ba da shawara kyauta a kan wannan, AFRUCA kuma tun 2001 suke aiki da iyalan Afirka a kan tarbiyya ba tare da duka ba, suna nan Manchester da Landan.

Ba kowa ne zai iya riƙo ba, wani ɗakinsa ɗaya, wani aikin dare yake yi. Amma masu riƙon suna gajiya, ni shaida ce. Akwai wani tsari da ake kira Mockingbird wanda kansul da dama suka ɗauka: gida guda na ƙwararren mai riƙo ya zama cibiya, gidaje shida zuwa goma su kewaye shi, yara su san juna, idan uwa ta gaji yaro ya je can ya kwana biyu. Da aka yi mana bayaninsa na ce ai wannan gidan gandu ne. Mu da muka tashi a cikinsa bai kamata a riga mu ba. Wadda ta iya kitso ta ba da yammacin Asabar. Mai mota ya kai yaro islamiyya. Ranar Sallah a gayyato gidajen riƙon da ke unguwa, har da na Turawan da ke riƙe da yaran Musulmi, domin da yawansu suna son su yi daidai, ba su san wa za su tambaya ba inda ake sayar da naman halal ko yadda ake shirya wa yaro azumi.

Ranka ya daɗe, abin da nake nema a wurin ƙungiya uku ne zuwa huɗu, kuma ba su buƙatar kuɗi mai yawa. A naɗa mutum biyu, mace da namiji, masu riƙe sirri, waɗanda iyali za su iya kira da zarar takardar kansul ta shigo gida. A gayyato ma'aikatan riƙo na kansul zuwa taronmu na gaba su amsa tambayoyi baki da baki, a samu mai fassara saboda iyayenmu. Malamai su sa mana ranar zaman da na roƙa. Sannan akwai takarda a teburin da ke bakin ƙofa, duk mai ɗaki a gidansa da yake son ƙarin bayani ya rubuta sunansa, rubutawar ba alƙawari ba ce. Wanda kuma yake da yaron wani a gidansa yanzu haka bai sanar ba, ya same ni bayan an ci abinci, mu duba tare ko dokar ta shafe shi, in ta shafe shi in taya shi kiran kansul ranar Litinin.

Na gode da sauraro. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.