Daga Suva: Abin da Ƙashi Ke Faɗa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina gidan tarihin Fiji da ke Suva, babban birnin ƙasar, cikin lambun Thurston. Ku yi haƙuri da ƙarar ruwa, garin nan sama ba ta hutawa.

Ga abin da kowane baƙo ke rububin kallo: cokula masu yatsu na katako da ake dangantawa da cin naman mutum, da ragowar takalmin Thomas Baker, ɗan mishan ɗin da aka kashe a ƙauyen Nabutautau a 1867. A 2003 mutanen ƙauyen sun yi bikin neman gafara a gaban zuriyarsa. Tun da na ce zan zo Fiji kuke tambayata, wai da gaske suna cin mutane? An yi a da, su kansu ba sa musu. Amma ni abin da ya ja hankalina shi ne yadda mai bincike zai ɗauki guntun ƙashi mai ɗaruruwan shekaru ya ce wannan ci aka yi, wancan kuma jana'iza ce. Labaran matuƙan jirgin ruwa da 'yan mishan ba sa isa hujja, domin wasunsu sun ƙara gishiri.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci yana fasa ƙashin ƙafar saniya don ɓargo ya riga ya san rabin karatun. Ɗanyen ƙashi a karkace yake tsagewa, bakinsa sumul. Wanda ya bushe a ƙasa kuwa sai ya karye gutsun-gutsun. Ana duba shatar wuƙa daidai gaɓa, inda ake rabe nama, da gurbin dukan dutse, da ƙuna. Har santsin da bakin ƙashi ke yi idan ya yi ta gogar tukunya ana nema. Sannan a tabbatar ba ɓera ko kare ne ya gwaguya ba, ba kuma shebur ɗin mai haƙa ne ya karce shi ba.

To duk da haka shatar wuƙa kaɗai ba ta yanke hukunci. Sai an kwatanta da ƙasusuwan dabbobin da aka ci a wurin. Haka wani mai binciken ƙashi, David DeGusta, ya yi a 1999 da ƙasusuwan da wani mai bincike, Edward Gifford, ya tono a Navatu, a tsibirin Viti Levu, tun 1947. Na mutanen da ke juji an fasa, an ƙona, an yanka kamar na dabbobi, an watsar tare da sauran abinci, alhali gawarwakin da aka binne a wannan wurin babu irin wannan ta'adi a jikinsu. Da ya duba na Vunda, a tsibirin dai, sai ya ce hujjar ba ta kai a ce an ci ba. Wannan ya burge ni, mutum ɗaya, ma'auni ɗaya, amsa biyu.

Sai ku ji na ƙasar Vanuatu. A Teouma, kusa da Port Vila, babban birninta, katafila ce ta bankaɗo makabarta a 2003 ana share fili don kiwon jatan lande. Ta mutanen Lapita ce, na farkon zama a tsibiran, shekara wajen 3,000. An tono kaburbura 68, kuma manyan da ke ciki duk babu kai a wuyansu. Da ni na gani da na ce yankan rago aka yi musu. Ashe binnewa ake yi, sai jiki ya ruɓe a dawo a ɗauke ƙoƙon kan, wasu a ajiye musu zoben katantanwar teku a gurbin. Wani dattijo an same shi da ƙoƙon kai uku jere a ƙirjinsa, wani kan kuma cikin tukunya mai zane aka adana shi. A wajenmu da ake gaggauta kai mamaci makwancinsa a bar shi, abin da nauyi a ji. Su kuwa masu binciken suna ganin girmama magabata ne.

Bari in matsa, ga 'yan makaranta sun shigo za su cika ɗakin. Mu leƙa wancan ɓangaren, akwai katafaren kwalekwalen Ratu Finau mai jiki biyu da nake so ku gani.