Takarda Ta Ce Lafiya Lau, Mudu Bai Yarda Ba

Auta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ga Malam, ga Hajiya. Yau ba za mu ja gaisuwa ba, don saƙonnin da kuka turo kusan duk tambaya ɗaya ce: an ce hauhawar farashi ta sauka, an ce Moody's, kamfanin da ke auna ko ƙasa za ta iya biyan bashi, ta ɗaga darajar Najeriya, to mu ina namu sauƙin?

Hajiya: A gurup ɗinmu na tsofaffin 'yan makaranta har rai ya ɓaci. Wata ta turo labarin da murna, wata ta ce ta ɗauko shi su je kasuwar Singa tare ta biya kuɗin shinkafa da shi.

Malam: Ai dukkansu suna da gaskiya, shi ya sa faɗan ba zai ƙare ba. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta ce hauhawar farashi kashi 34.8 ce cikin ɗari. Wata ɗaya tak, a Janairun 2025, ta ce 24.48 ce. Ba ɗan kasuwar da ya rage ko sisi a tsakani. Ma'aunin aka sauya. Da can ana kwatanta farashi da na 2009, aka dawo da shi 2024, aka sake jerin kayan da ake bibiya da nauyin da ake ba kowanne. Kuma ko da saukar ta gaske ce, ma'anarta kaya suna ci gaba da tashi, gudun ne ya ragu.

Hajiya: To ba yaudara ba ce wannan?

Malam: A'a, Hajiya, kowace ƙasa na yi, kuma ya kamata a yi. Abin da magidanci ke kashe wa kuɗi a 2009 ba shi yake kashe wa yau ba. Wa ke sayen data a lokacin? Laifin na wanda ya ɗauki lambar farko da ta biyu ya jera su, ya ce ga nasara. Ba a ma'auni ɗaya aka auna su ba. Haka aka yi da rashin aikin yi. A ƙarshen 2020 kashi 33.3 ne. Da aka fito da sabon tsari a 2023 sai ga 4.1.

Auta: Huɗu? Ashe mun fi Faransa.

Malam: A sabon tsarin, in ka yi aikin awa ɗaya a mako aka biya ka, kai ma'aikaci ne.

Auta: Tsaya, Malam. Awa ɗaya? Shirin nan namu yakan kai awa ɗaya.

Hajiya: Wa ke biyan ka?

Auta: Shayin da kike kawowa fa? Da ƙosai.

Malam: To ai ka shiga. Biya ba dole sai da kuɗi ba, ko da kaya aka biya ka an ƙirga.

Auta: Alhamdu lillahi! Hajiya, don Allah ki kira gidanmu ki gaya musu. Shekara da shekaru ana ce min zaman kashe wando nake, ashe gwamnati ta san da ni.

Hajiya: Sai ka je ka nemi aure da shi. In baban yarinya ya ce mene ne sana'arka, ka ce ranka ya daɗe, ina cikin ƙididdiga.

Auta: In ya ce nawa ne albashi, in ce ƙosai bakwai.

Hajiya: Biyar. Biyun na Malam ne kake ɗauka, muna ganin ka.

Auta: Wannan alawus ne. To makon da ba ki zo ba fa? Na koma marar aikin yi ke nan?

Malam: Sai in ka fita neman wani aikin. In kana gida kwance, ba ka cikin masu aiki, ba ka cikin marasa aiki, an cire ka daga lissafin gaba ɗaya.

Hajiya: To wannan ne ainihin matsayinsa.

Auta: Za mu kafa ƙungiya. Ƙungiyar ma'aikatan awa ɗaya, reshen Kano. Mu ma mu nemi mafi ƙarancin albashi, dubu saba'in ɗin nan, a raba mana a ƙosai.

Malam: Ku bar ni in ci gaba. Tsarin na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ne, ba hukumar ce ta ƙirƙire shi ba. Amma a ƙasar da fiye da kashi 90 na masu aiki suke buga-buga ba albashi, lambar ba ta gaya maka komai a kan ko mutum ya ci ya ƙoshi. Talaka ba shi da halin zama ba aiki, dole ya fita ko ruwan leda ya sayar. Shi ya sa ni in an ce min ƙasa kaza lafiyarta lau, ba nan nake fara dubawa ba. Ba kuma GDP ba, wato jimillar darajar abin da ƙasa ta samar a shekara. Kun tuna Afrilun 2014? Muka kwana da dala biliyan 270, muka tashi da 510, muka wuce Afirka ta Kudu. An ƙirga waya da finafinai da abubuwan da tsohon lissafin 1990 bai san da su ba. Shekara biyu bayan nan, 2016, mai ya faɗi, tattalin arziki ya shiga mawuyacin hali. Girman bai tare komai ba.

Hajiya: Ni dama in mutum ya zo neman kaya bashi, ba girman gidansa nake kallo ba. Nawa ke shigo masa a wata, mutum nawa ne ke bin sa, shi ke nan.

Malam: Kin gama darasin. Jami'ai suna son su ce bashinmu bai kai rabin GDP ba, ga Japan nata ya haura kashi 200. Amma Japan da kuɗinta na yen take cin bashi, mafi yawa daga hannun mutanenta da babban bankinta, da ruwa ɗan kaɗan. Kuma ba da GDP ake biyan bashi ba, da kuɗin shiga ake biya. Bankin Duniya ya ce a 2022 kusan kashi 96 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya biyan bashi ya cinye. Naira ɗari ta shigo, huɗu ta rage. Albashi, asibiti, hanya, sai an sake ciyo wani. Daga ina? Daga Babban Banki, wanda ya yi ta ba gwamnati har ya kai naira tiriliyan 22.7. Kuɗin da ba noma ba masana'anta a bayansu. Sai kuma a zo ana mamakin farashin mudu.

Auta: Wato buga kuɗi kawai.

Malam: A taƙaice. Ku dubi Ghana. A 2017 tattalin arzikinta ya haɓaka da kusan kashi 8, ana ta yabo, masu ba da bashi a Landan da New York suna rububin takardunta. Amma zuwa 2021 ruwan bashi kaɗai yana cin wajen rabin kuɗin shigarta. Duk wanda ya kalli wannan lambar ya san inda aka dosa. Da kasuwa ta rufe mata ƙofa, kuɗinta sidi ya zube, hauhawar farashi ta kai 54.1 a Disambar 2022, a watan nan kuma gwamnati ta ce ta dakatar da biyan yawancin bashin waje.

Hajiya: Ina da 'yar'uwa a Zangon Kumasi, lokacin kullum sai ta kira. Ta ce farashin safe daban, na yamma daban, ka sayar da kaya ka koma sari kuɗin ba su isa rabin abin da ka sayar ba. Amma abin da ya fi ba ni tausayi tsofaffin nan ne.

Malam: 'Yan fansho. Waɗanda suka zuba gumin shekaru a takardun lamunin gwamnati don an ce musu nan ne wuri mafi aminci. Shugaban Ghana na lokacin, Akufo-Addo, ya fito a Oktoban 2022 ya ce ba wanda za a yanke wa kuɗi, makonni kaɗan aka zo da shirin musanya takardun. Tsofaffi suka ɗauko kujeru suka zauna a harabar Ma'aikatar Kuɗi a Accra, har da Sophia Akuffo, tsohuwar Alƙaliyar Alƙalan ƙasar. Sai a Mayun 2023 IMF, wato Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ta amince da ba Ghana rancen dala biliyan 3.

Auta: To asusun ajiyar waje fa? Wani mai sauraro ya ce shi ne ma'auni na gaskiya.

Malam: Yana da muhimmanci, amma ka tambaya: na jimla ko na bayan an cire abin da ake bin ka? A ƙarshen 2022 Babban Bankin Najeriya na nuna kusan dala biliyan 37. A Agustan 2023 bankin JP Morgan ya zauna ya cire alƙawuran da ke kan kuɗin, ya ce abin da ya rage biliyan 3.7 ne. Aka yi ta musu. Daga baya Babban Bankin da kansa ya ce a ƙarshen 2023 biliyan 3.99 ne, a ƙarshen 2024 ya kai 23.11. Wannan, in ana neman labari mai daɗi na gaske, shi ne, ba 24.48 ba. Don in dala ta ƙare, ba ruwan jirgin mai da GDP ɗinka. Sri Lanka a 2019 Bankin Duniya ya sa ta a sahun ƙasashe masu matsakaicin arziki na sama. A ƙarshen shekarar gwamnati ta zaftare haraji, korona ta kori masu yawon buɗe ido, a 2021 aka hana shigo da takin zamani noma ya lalace. Zuwa Mayun 2022 ministan kuɗi ya gaya wa majalisa dalar da za su iya taɓawa ba ta kai miliyan 50 ba.

Auta: Su ne waɗanda suka yi iyo a fadar shugaban ƙasa?

Malam: Su ne. Shugaba Rajapaksa ya gudu a watan Yuli.

Auta: Ni wanda ya kwanta a kan gadon shugaban ne ya burge ni. Layi fa aka yi ana ɗaukar hoto.

Hajiya: Kar ka fara. Malam, ni su Moody's ɗin nan ban yarda da su ba. Ba su ne suka ba takardun bashin gidaje na Amurka maki mafi girma ba, 2008 ta zo komai ya rushe? Amma in Afirka ce, tari kaɗan sai a sauke ka, ruwan bashinka ya tashi.

Malam: Ƙorafin da Ghana ta yi ke nan da Moody's ta sauke ta a Fabrairun 2022, kuma shi ya sa Tarayyar Afirka ta ƙudiri aniyar kafa nata kamfanin. Akwai ƙamshin gaskiya. Sai dai Ghana ba ta cika shekara ba ta kasa biya. Namu kuma da ake murna, a Mayun 2025 daga makin Caa1 aka ɗaga mu zuwa B3. B3 ɗin ma mataki shida ne ƙasa da inda manyan masu zuba jari ke cewa hankalinsu ya kwanta. Kuma tambaya ɗaya suke amsawa: za ka biya mai bin ka ko ba za ka biya ba? Cire tallafin mai da sakin naira a 2023 sun gyara musu wannan lissafin. Wanda ya ɗauki nauyin gyaran, shi ba ya cikin—

Auta: Malam, yi haƙuri, mai ɗaukar sauti yana ta ɗaga min hannu. Akwai tambayar wani daga Maraɗi a kan sefa, da abin da muka ce za mu rufe da shi, lambobin da mai sauraro zai riƙa dubawa da kansa.

Malam: Minti biyu kawai. Sefa an ɗaure ta da yuro, 655 da 'yan kai, to amma bayan takunkumin da aka sa wa Nijar a 2023—

Hajiya: An kira sallah, Malam. Minti biyunka mun san shi.

Auta: Na Maraɗi, ka yi mana afuwa, da kai za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku ci gaba da turo saƙo. Sai an jima.