Le Temps du Niger: jaridar roneyo da ke iso Damagaram a makare

Jama'a, kafin a san jaridar Le Sahel, Nijar tana da wata jarida mai fitowa kullum, sunanta Le Temps du Niger. Ta fara fita ne a farkon shekarun 1960, lokacin da ƙasa ta samu 'yancin kai ƙarƙashin shugaba Diori Hamani. Ta gwamnati ce, ma'aikatar watsa labarai ke shirya ta a Yamai, da Faransanci. An riga an haramta jam'iyyar adawa ta Sawaba tun 1959, jam'iyyar Diori, PPN-RDA, kaɗai ke fage, saboda haka abin da ke cikinta sanarwar gwamnati ne, da naɗe-naɗe, da tafiye-tafiyen shugaba, sai labaran waje.

Da injin roneyo, ƙaramin injin yin kwafi, ake buga ta, kuma wanda ya san aikin injin nan zai gane dalilin da ya sa ta fito yadda ta fito.

Aikin yana farawa da sitansil, takarda ce siririya da aka shafe da kaki, tawada ba ta ratsa ta. Daktilo, wato mai buga rubutu, zai saka ta cikin keken rubutu, ya kauce da ƙyallen tawada, domin ƙarfen harafi ya sari kakin kai tsaye. Duk inda ya sara, nan tawada za ta bi. To a nan gwaninta take. In ya buga da sanyin hannu, harafin ya fito dishi-dishi. In ya buga da ƙarfi, cikin haruffa irin su o da e da a ya ɓalle, sai ka ga ɗigon baƙi a madadin harafi. Kaki kuma yana cushe bakin haruffa, dole a riƙa goge su da ɗan buroshi. Kuskure fa? A shafa ruwan gyara mai kama da jan farce, a jira ya bushe, a sake bugawa a hankali. Wurin yakan fito da kauri, mai ido zai gane shi har yau.

Daga nan a rataya sitansil a jikin gangar injin, a shafe shi da tafin hannu kada ya tattare, don tattara guda tana jawo baƙin layi a kowane kwafi. A sa tawada, a juya hannun injin, takarda na shiga ɗaya bayan ɗaya. Kwafin farko-farko na gwaji ne, zubarwa ake yi. Kowane shafi da sitansil ɗinsa, kuma sai fuska ɗaya ta bushe a buga bayanta, in ba haka ba ta shafi 'yar'uwarta. Zafin bazara yana tsinka tawada ta yi ta malala, hunturu kuma ya busar da takarda ta riƙa mannewa, injin ya ja biyu ko uku a tare. Sitansil yana gajiya, ya yage, shi ya sa ba a iya buga dubbai masu yawa. Hoto kuwa keken rubutu ba ya yanka shi.

Sai maganar hanya. Damagaram ce babban birnin Nijar har 1926, amma bayan an mayar da mulki Yamai, labari ya koma tasowa daga can, tafiyar kusan kilomita 900: Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, Tasawa. Jarida tana jiran jakar gidan waya, don haka ta kullum ce a Yamai, a Damagaram kuwa takan iso a ɗaure, ta kwana biyu ko uku. Ma'aikatan gwamnati da malaman lakwal ne masu karanta ta. Ɗan kasuwar Dole da dattijon unguwar Birni ko Zango, rediyo suka riƙe, wadda ta fara aiki tun 1958 kuma tana magana da Hausa. Wannan ne babban raunin jaridar, ta bar mafi yawan 'yan ƙasa a waje.

Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka hamɓarar da Diori, Seyni Kountché ya hau. A shekarar sunan Le Temps du Niger ya ɓace, Le Sahel ta maye gurbinta, ita ma a hannun gwamnati. Sai a 1990 jarida mai zaman kanta, Haské, ta fito.

Duk wanda ya tsinci tsohon kwafi a akwatin mahaifinsa, ya kula da shi, domin takardar roneyo mai shan tawada ce, tana yin ja, ta karye a wurin ninki, gara kuma na son ta. A cire ƙarfen da aka danne ta da shi in ya yi tsatsa, kada a liƙa mata salatif, a shimfiɗe ta tsakanin fararen takardu nesa da ƙasa da danshin damina. A ɗauki hoton kowane shafi da waya a cikin inuwa, a fara da shafin farko yadda suna da lamba da kwanan wata za su fito sarai.