Hirar fodkas: Iskandariyya da kaka, tafiyar Yaya Kabiru da Hajiya

Habiba: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ɗakin ya cika, ga Malam Nura ga kuma Yaya Kabiru da ya ɓace mana kusan wata biyu, masu ta tambaya a WhatsApp wai ina ya shiga, to ga shi nan ya dawo. Yaya sannu da hanya, ya jikin Hajiya?

Kabiru: Yawwa Habiba, jiki alhamdulillahi, tana takawa yanzu har masallacin unguwa da sandarta. Na gode wa duk wanda ya yi mata addu'a, Allah ya bar zumunci.

Malam Nura: Allah ya ƙara sauƙi. Amma ka faɗa musu gaskiya fa, ba asibiti kaɗai kuka tsaya ba.

Kabiru: Ai Malam kai ne sila. Abin da ya faru, aikin gwiwa muka kai ta Alƙahira, an yi aiki lafiya an yi gashi na wasu makonni, sai likita ya ce mu dawo bayan kwana goma, kafin nan ta riƙa ɗan tattaki kullum. To ina za ta yi tattakin, gidan da muka kama hawa na huɗu ne, ka sauko ƙasa kuma mota ce da hon da ƙura ko ina, Hajiya ta fara cewa ita dai a mai da ta Kano. Shi ne na kira Malam cikin dare, ya ce min Kabiru wane wata muke, na ce Oktoba, ya ce ɗauke ta ku hau jirgin ƙasa ku tafi Iskandariyya.

Habiba: Malam me ya sa sai da ka tambayi watan?

Malam Nura: Saboda garin nan kala biyu ne Habiba. Na yi shekarun karatuna a Masar, na je shi da zafi na je shi da kaka. Daga Yuni zuwa Agusta mutanen Alƙahira da na sauran garuruwa kwararowa suke yi bakin teku gudun zafi, ba ka samun wurin sa ƙafa a yashi, kuɗin haya ya hau, hanyar bakin ruwa ta cushe tun daga la'asar har tsakar dare. Amma da an koma makaranta ƙarshen Satumba sai baƙin su watse, gari ya koma hannun masu shi. Rana tana nan tas, sai dai ba mai cizo ba, da rana zafin bai fi digiri 27 zuwa 28 ba a Oktoba, da dare kuma iska mai ɗan sanyi daga Bahar Rum. Su suna kiran lokacin kharif. Abin sha'awa ma 'yan uwanmu na Sudan da Chadi in suka ce kharif damina suke nufi, amma a Masar kaka ce, daidai lokacin da mu nan ake yankan gero ana cire gyaɗa.

Kabiru: Wallahi haka na gani. Mun hau jirgi a tashar Ramsis, tafiyar kilomita 200 da 'yan kai ce, awa uku ba kaɗan, kuma duk hanya kore ne shar, gonaki da magudanan ruwa da bauna irin tasu ta gida a bakin ruwa, Hajiya ta manna fuska a taga tana cewa oh ikon Allah, mutanen nan ba sa barin ƙasa ta huta. Abu ɗaya da zan gaya wa mai niyya, tikitin baƙo da na ɗan ƙasa ba kuɗi ɗaya ba ne, haka ma wuraren tarihi, kar ka ji wani ɗalibi ya faɗa maka abin da ya biya ka ɗauka kai ma haka za ka biya, ka tafi da fasfo ɗinka a jiki. Mun sauka a tashar Sidi Jabir, a nan ne ma wani ɗan tasi ya ninka mana kuɗi har sau uku da ya ga tsohuwa da sanda da jaka, abin ya ɓata min rai sosai don ba kuɗin ba ne, ganin rauninmu da ya yi ne. Daga ranar ban ƙara shiga tasi ba sai mun yi ciniki tun ina waje.

Habiba: Allah ya kyauta. To teku fa, ita Hajiya ta taɓa gani?

Kabiru: Ta gani daga sama lokacin Hajji, ta jirgi, amma ta tsaya a gabansa bata taɓa ba. Da muka ɓullo kan Kurnish, wato babban titin nan da ya bi bakin ruwa tun daga ganuwar Ƙaitbay har Muntaza, sai ta ce direba ya tsaya. Ta fito ta dafa katangar dutsen nan ta yi shiru ya kai minti biyar, igiyar ruwa na dukan manyan tubalan kankare da aka jibge a ƙasa, feshin yana taɓa mata mayafi, can ta ce Kabiru ashe ruwa yana da ƙara haka. To tun daga ranar kullum bayan asuba nan ne wurin tattakinmu, mu yi taku ɗari mu zauna, mu ƙara ɗari. Da safen nan masu kamun kifi ne kawai da dogayen sandunan fatsa, da tsofaffi masu motsa jiki, da mai shayi da ya kafa butarsa a bayan mota. Kwana uku mai shayin nan ya gane mu, yana hango mu zai fara haɗa na Hajiya ba sukari da na'ana'a a ciki, yana ce mata ya Hagga, don su jim ɗinsu ga suke faɗa.

Malam Nura: Tubalan nan da ka ambata ba ado ba ne fa, kariya ce, teku yana cin garin a hankali. Kuma wannan ya kawo ni kan abin da nake so masu sauraro su riƙe, kakar Iskandariyya gajeriya ce. Daga tsakiyar Nuwamba ake shiga lokacin da suke kira nawwa, guguwar teku ce mai ruwa da iska, masunta sun san kowacce da sunanta da kwanakinta, akwai wadda suke ce wa maknasa wato tsintsiya, don tana share teku. Wani lokacin ma ruwan kan yi sammako, a ƙarshen Oktoban 2015 an yi ambaliya a garin har aka rasa rayuka, gwamnan lokacin ya ajiye aiki. Don haka ni shawarata Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kuma ka sa 'yar rigar sanyi a jaka.

Habiba: Yaya ni fa abinci nake jira ka zo kai.

Kabiru: Kifi Habiba, kifi! A unguwar Bahari, kusa da inda kwale-kwalen masunta suke, za ka shiga ka ga kifi a shimfiɗe kan ƙanƙara, kai za ka nuna wanda kake so a auna maka a kilo sannan ka faɗi yadda za a yi shi, gashi ko suya ko wanda suke cewa singari, a tsaga kifin a buɗe shi kamar littafi a zuba tumatir da albasa da tattasai a sa a tanda. Sai a kawo da shinkafa mai launin ƙasa-ƙasa da aka dafa da soyayyar albasa, da miyar riɗi, da gurasarsu. Hajiya na ganin gurasar ta ce wannan ai 'yar uwar ta Jakara ce, bandashe kawai ya rage. Jatan lande ne dai ta ce a kai kasuwa, ko kallonsa bata son yi. Ni kuma abin da ya kama ni hanta ce, kibda Iskandarani, a yanka ta siri-siri a soya da tafarnuwa da koren barkono mai zafi a matsa lemun tsami a cusa a dogon burodi, ana tsaye ake ci a bakin titi, ka kora da ruwan rake da aka matse a gabanka.

Malam Nura: Ka hau taragon, wato ƙaramin jirgin ƙasan nan na titunan cikin gari?

Kabiru: Mun hau sau ɗaya, a hankali yake tafiya kamar ba zai kai ba, kuma akwai ɓangaren mata daban, hakan ya yi wa Hajiya daɗi.

Malam Nura: Layin nan a 1863 aka buɗe shi, dawakai ne ma suka fara jan sa. Garin gaba ɗaya haka yake, duk inda ka taka tarihi ne. Iskandar na Girka ne ya kafa shi shekara 331 kafin haihuwar Annabi Isa. Ita ganuwar Ƙaitbay da kuke hangowa, Sarkin Mamluk Ƙaitbay ne ya fara gina ta a 1477, a daidai inda tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa take, wadda girgizar ƙasa ta rusa. Ibn Battuta ya ga hasumiyar a 1326 ɓangare ɗaya ya zube, da ya dawo a 1349 ko shiga ba a iya yi, kuma shi ɗin ne dai daga baya ya zo Mali har ya bi ta Takedda a ƙasar Nijar ta yau. Sannan a dandalin Manshiyya na garin ne Jamal Abdul Nasir ya tsaya a 1956 ya ce mashigin Suez ya zama na Masar.

Kabiru: Ganuwar na shiga ni kaɗai saboda matakala. Babban laburaren garin ne muka je tare, sabon da aka buɗe a 2002, gini ne kamar faifai an jingina shi yana kallon teku, bangon waje dutse ne an sassaƙa haruffan rubuce-rubucen duniya iri-iri, ciki kuma ɗakin karatu hawa-hawa yana gangarawa, haske na shigowa ta rufi, ɗalibai cike kowa shiru. Na daɗe a tsaye ina kallon yaran nan, ina tuna 'yan unguwarmu masu karatun jarrabawa a gindin fitilar titi, abin ya tsaya min a rai gaskiya.

Habiba: Amma a waya ka ce min akwai ranar da ta fi kowacce.

Kabiru: Eh. Ranar Alhamis ce. Malam ya ce min kar ku baro garin ba ku je dandalin masallatai ba, a Anfushi, bai gaya min dalili ba. Babban masallacin wurin na Abul Abbas al-Mursi ne, mai manyan ƙubbobi launin madara.

Malam Nura: Babban malamin Shaziliyya ne, asalinsa mutumin Mursiya ne a Andalus, Sifen ta yau, shi ya sa ake ce masa al-Mursi.

Kabiru: To muna fitowa daga nan bayan la'asar sai na ga wani ƙaramin masallaci a gefe, na karanta allon, Masallacin Imam al-Busiri. Na ce Hajiya kin san waye a nan, mai Burda ne. Habiba kin san Hajiya da Burda, tun muna yara duk daren Juma'a da watan Mauludi sai ta karanta, littafinta ma duk ya yi laushi ganyen ya koma ruwan ƙasa, ta gada ne wurin kakanmu. Ta ce wane Busirin, na ce shi dai. Wallahi sai sandar ta fara rawa a hannunta. Ita a tunaninta mutumin nan yana can wani wuri da ba a zuwa, shekara sittin tana rera baitocinsa bata taɓa kawo wa ranta cewa kabarinsa na nan a gari mai tasi da masu sayar da gasasshiyar masara ba.

Habiba: Allahu akbar.

Kabiru: Na raka ta ƙofar mata, wata baiwar Allah 'yar garin ta karɓe ta ta riƙe mata hannu, ni na zaga ta ɓangaren maza. Baitocin suna nan a rubuce a bango sun zagaye. Ina zaune ina bin su da ido sai na fara jiyo muryarta ƙasa-ƙasa ta bayan shamaki, da karin nan namu na Kano da kowa ya sani, ba irin na Misirawa ba. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ɗaga kai ya saurara, ya tambaye ni daga ina, na ce Najeriya, sai kawai ya kama amshi da nasa karin, a hankali, har ta kai ƙarshen fasalin.

Malam Nura: Kuma ka san abin da ake ruwaitowa, shi kansa Busiri yana fama da shanyewar jiki ne ya yi ƙasidar, ya ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a mafarki ya lulluɓe shi da mayafinsa, ya tashi da lafiya. Shi ya sa na so mai jinya ta je. Abin da ke damuna, mutanenmu nawa ne ke zuwa Alƙahira duk shekara, asibiti, karatu, sarin kaya, su yi wata guda tsakanin gidan haya da kasuwa, ga wannan wuri awa uku kacal, ba wanda ya gaya musu.

Habiba: To yanzu dai an gaya musu. Yaya da kuka koma wurin likita fa?

Kabiru: Ya sa ta taka daga ƙofa zuwa taga ta dawo, ya duba gwiwar ya ce tafiyar ta yi kyau, ya tambaye ta ina ta yi tattaki haka. Ta ce min gaya masa a bakin ruwa, wurin Busiri. Kuma ta riga ta sa ni alkawari, in Allah ya kai mu komawa duba gwiwar baɗi, in nemi likitan ya sa mana rana a Oktoba, kuma wannan karon da littafin kakanmu za ta tafi.

Habiba: Allah ya nufa, ya ƙara mata lafiya. Masu tambaya kan masauki da biza ku turo, Malam zai amsa a shiri na gaba in sha Allahu. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.